Ba Wanda Ya Zo Ranar Laraba

Rabi'atu na cikin dunƙula man kaɗe tana jerawa a faranti ta ga Ummu Salma ta fito daga shagonta, waya a hannu, gyale a karkace, ta tsallako titi ba ta ko duba masu babur ba. Wannan kaɗai abin a tsaya a kalla ne. Tun da aka kafa wa Ummu Salma allo a saman ƙofa aka rubuta sunanta da koren fenti, ba ta cika tsallako titin nan ba. Gaisuwa ma daga can take ɗago hannu.

Ba wajen Rabi'atu ta nufa ba. Rumfar Zuhura mai POS ta faɗa, wadda ke tura wa 'yan layin kuɗi da ɗan injinta. Langa-langa ɗaya ce tsakanin rumfar da shagon Rabi'atu, langa-langar kuwa ba ta taɓa riƙe wa kowa sirri ba.

"Zuhura, karanta mani wanga abu da Hausa. Na karanta sau ukku, kaina juyawa ɗai shika yi."

"Lahiya, Hajiya?"

"Ke dai karanta."

Rabi'atu ta ci gaba da aikinta, amma hannun ya rage sauri.

Ita da Ummu Salma duk 'yan Zagga ne. Aure ya kawo Rabi'atu Bagudo, bayan shekara shida ya kawo Ummu Salma, ta zo ko suyar ƙwarar kaɗe ba ta iya ba sai ta ƙona. A tsakar gidan Rabi'atu ta koya. Rabi'atu ce ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake buga ƙullun da ruwa har farin kumfa ya taso, ita ta koya mata ta bambance ƙwarar da ta sha rana da wadda ta kwana cikin danshi, da hanci kawai. Yau ga shi Ummu Salma na zuba nata man a robobi masu murfi, da takarda a jiki, da lambar hukumar da ke duba kayan ci da na shafawa. Tana da 'yar a-kori-kura da direba. Duk Laraba takan rufe shago ta tsallaka iyaka ta kai kaya Segbana, mutanen can da ake kira mutanen Faranshi su biya ta da kuɗinsu na sefa. Ta je Makka ta dawo, kowa Hajiya yake ce mata. Rabi'atu kuwa tana nan da farantinta, curi-curi, yadda mahaifiyarta ta yi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne nata man ya fi kyau. Ta sani, Ummu Salma ta sani, duk matar da ta taɓa shafa biyun ta sani. Mu faɗi gaskiya, ƙyashi Rabi'atu take yi, mai zafi kuwa, kuma ta daɗe da daina yi wa kanta ƙarya a kai. Mutane kawai take yi wa. Bencinta da ta karkata yana fuskantar ƙofar Ummu Salma, in an tambaye ta cewa take saboda inuwar dogon yaro ne. Inuwar kuwa tun hantsi take barin wurin.

Zuhura ta fara fassara. Saƙon imel ne, in ji ta, daga hukumar nan da ta ba Hajiya lamba. Ga tambarin gwamnati a sama, mikiya da dawaki biyu, ga hatimi a ƙasa. An rubuta cikakken sunan Hajiya da na kamfaninta. An ce jiya Laraba da ƙarfe sha ɗaya na safe jami'an hukuma sun zo duba shago suka tarar da shi a rufe, wannan kuma a doka ƙin yarda da bincike ne. Saboda haka an ci ta tarar naira dubu ɗari huɗu da tamanin, ta biya kafin ƙarfe huɗu na yammacin yau. In ba haka ba za a soke lambarta, a garƙame shagon, a kuma ba ma'aikatan kan iyaka sunanta kada kayanta su sake tsallakawa.

Wani sanyi ya ratsa Rabi'atu tun daga ƙirji har ƙafa, kamar ta kafa kai a randa tsakar rana. Ba ta so ta ji daɗin ba, amma ta ji. Bai daɗe ba kuwa wani tunani ya zo ya ɓata shi. Wato har gwamnati ta san sunan Ummu Salma, har tana rubuto mata takarda da hatimi! Ita fa ta riga Ummu Salma yin rajistar sunan kasuwanci da shekara guda. Ta biya kuɗinta a shagon masu kwamfuta, aka buɗe mata imel, aka sa mata shi a waya. Shekara uku ke nan ko tara ba a taɓa cin ta ba.

"Hajiya," in ji Zuhura, "akwai abin da bai kwanta mani ba. Na sa lambar asusun da sunka ba ki, sunan mutum na yah hito, wani Sufyan. Hukuma ba ta da asusu nata?"

"Na tambaya. Darakta da kanshi yak kira ni da sahe. Yac ce asusun gwamnati na da matsala wanga sati, wannan na akantan ohis ɗinsu na."

"Ga kuma adireshin da anka aiko saƙon. Ƙarshenshi irin nawa na da naki, ba irin na gwamnati ba. Gaggawar ma ta yi yawa. Ki bari dai a bincika."

"A bincika yaushe? Ƙarhe huɗu sunka ce! Zuhura, sun san rana, sun san lokaci, sun san shagona na ruhe. Wa yah hwaɗa masu in ba zuwa sunka yi ba?"

Zuhura kuwa jiya ita ma ba ta fito ba, ta je bikin suna a Geza.

A nan hannun Rabi'atu ya tsaya cak cikin man. Jiya Laraba, ƙarfe sha ɗaya. Tana kan bencin nan tun da Namadi direba ya ɗaure robobi a bayan mota da sassafe har suka dawo bayan la'asar. Ba wata hukuma da ta zo.

Kamar an raɗa mata, sai ga Ummu Salma ta leƙo shagon. Idanunta sun yi ja.

"Yaya Rabi, ina kwana. Don Allah jiya ba ki ga wasu mutane sun zaka shagona ba? Ma'aikata haka, da mota?"

Rabi'atu ta ɗauki wani curi tana gyarawa, alhali ba abin da ya same shi.

"Ni ina ta aikina, Ummu. Ban lura ba. Kin san ba ni sa ido ga ƙohwar mutane."

"Haka na," in ji Ummu Salma a hankali. "Ki sa ni addu'a, Yaya."

Ta tsallaka ta koma. Kuɗin da ke hannunta sefa ne, cinikin jiya da na makonnin baya, don haka ta tura Namadi wajen masu canji, ta bar wa Zuhura sallahu ta shirya injinta, da kuɗi sun iso a tura.

Rabi'atu ta san kuɗin mene ne wannan, duk 'yan sana'ar sun sani. Damina ta sauka, kaɗe ya zuba, matan Geza da na Kurgu sun tsinto sun dafa sun shanya. Jibi Asabar Ummu Salma za ta je ta sayo ƙwarar da za ta yi aiki da ita shekara guda. Matan nan ba sa jira. In ba ta je da kuɗi a hannu ba, masu manyan motoci na nan suna zagaye, kafin mako ya juyo sun kwashe har ta ƙasan buhu. In babu ƙwara babu mai, robobin nan masu murfi kuwa sai su zama robobi kawai.

Ta zauna tana hango abin. Ga koren fenti ya koɗe, ga motar an sayar, ga Ummu Salma ta tsallako ta zauna a gefen bencin nan tana cewa, "Yaya, ki ɗan sam mani ƙwara." Ita kuma ta ba ta, ba gori, ba komai, da fara'a ma. A cikin hoton nan Rabi'atu mutuniyar kirki ce ƙwarai. Ta yi ta juya shi har wata mai sayen curi biyu ta yi mata magana sau uku ba ta ji ba.

Ai ba ita ta aiko da saƙon ba, ta gaya wa kanta. Wata ƙila ma gaskiya ne, wata ƙila sun zo ta bayan layi. Sai dai shagon ba shi da ƙofar baya, kuma ta fi kowa sanin haka.

Kuma ko da ta so ta yi magana, da wane baki? In ta ce ba wanda ya zo, tambayar farko ita ce yaya aka yi ta sani. In ta fara lissafa abin da ta gani jiya kuwa, dole a iso kan wata mata daga Jega.

Jiya wajen sha ɗaya da rabi matar ta zo, cikin baƙar mota, ta ƙwanƙwasa ƙofar Ummu Salma, ta tsallako tana tambaya. Tana da shagunan kayan kwalliya a Jega da Birnin Kebbi, in ji ta, roba ɗari biyu take so, kuma in sun karɓu duk wata za ta riƙa ɗauka. Bakin Rabi'atu ya riga hankalinta. Ta ce ai Hajiya ta daina sayar wa 'yan gida, sai mutanen Faranshi, amma ga nata nan in ana so. Matar ta ɗauki curi guda ta shinshina, ta murza a bayan hannu, ta ce wallahi ya yi kyau, ya ma fi wancan laushi. Sannan ta ajiye ta ce sai dai ba murfi ba lamba, ba za ta iya sa shi a kanta ba. Ta miƙo wani ɗan kati ta ce ko Hajiya za ta sake shawara, ta shiga mota ta tafi. Ƙaryar ba ta sayar wa Rabi'atu ko curi ɗaya ba. Katin na nan ƙarƙashin faranti, ta kasa jefarwa ta kasa bayarwa.

Da aka kira azahar ta ja labule ta yi salla. Ta sallame ba ta da tabbacin raka'a nawa ta yi.

Wajen ƙarfe uku saura Namadi ya dawo da baƙar leda a hammata. Dattijo ne, gemu duk furfura, ya ja manyan motoci shekara da shekaru kafin gwiwa ta dawo da shi gida. Ya tsaya wajen Rabi'atu kamar yadda ya saba.

"Rabi, ba ni ruwa, maƙoshina ya bushe. Masu canji sun yanke mu yau, sun ga muna sauri."

Ta miƙa masa moɗa. Ya sha, ya goge gemu.

"In tab biya wanga, bana ba ta sayen ƙwara. Ni ma sai in nemi wata mota, da tsuhwana." Ya girgiza kai. "Baiwar Allah. Jiya ma can Segbana wata ta tambaye ta ina tak koyi aiki, tac ce, 'Yayata Rabi tak koya mani.' Kullum haka taka ce masu."

Shi a zatonsa daɗi ya faɗa mata. Bai san gishiri ya zuba a miki ba. Ta koya mani! Haka ake maganar wanda ya rasu. Wato sunanta na tsallaka iyaka duk Laraba a bakin wata, man nata kuwa ko kwalbatin gaban shago bai taɓa tsallakawa ba. Ta karɓi moɗar ta kife da ƙarfin da ya sa Namadi ya dube ta.

Amma idonta na kan ledar, kuma tana kallonta fushin ya sauya hanya. Ta san abin da ke ciki. Ta san asuba nawa aka tashi, ta san hayaƙin da aka sha, ta san ciwon kafaɗar da ke bin bugun ƙullu. Hannunta ma na cikin ledar nan, ko an so ko an ƙi. Sai wani ƙato da bai taɓa sunkuyawa gindin kaɗe yana duba maciji ba ya zauna a inda yake ya kwashe da ɗan yatsa? Ummu Salma tata ce. In baƙin ciki ne ita za ta yi mata, ita da ta san ta tun tana yawo ba ɗankwali. Wane ne wani Sufyan?

Duk da haka ba ta tashi ba. Ta ga Ummu Salma ta tsallako ta karɓi ledar ta shiga rumfa. Ta ji ƙarar robar da ake cirewa daga ƙunshin kuɗi. Ta ji ɗan injin na ƙara, kit, kit, kit.

"Hajiya, na sa komi," in ji Zuhura. "In na danna nan ya tahi, kuma ba shi dawowa. In tura?"

"Tura."

Rabi'atu ta ɗaga tafin hannu, da mai da komai, ta maka wa langa-langar. Ƙarar ta sa wata akuya da ke kwance gindin dogon yaro ta zabura.

"Kada ki tura!"

Ta zagayo. Rumfar ba ta cin mutum uku, don haka a bakin ƙofa ta tsaya, Namadi na bayanta.

"Ba wanda yaz zaka jiya. Ƙarya ta."

Ummu Salma ta dube ta. "Yaya, ke da kinka ce ba ki lura ba?"

"Na lura."

"Kina aiki, ƙila sun zo kina ciki. Ba abin wasa ba na, lambata za su soke."

"Ban shiga ciki ba." Ta shiga lissafi. "Kun tashi bakwai da kwata. Namadi ya mance igiya ya dawo ya ɗauka. Takwas da rabi mai shara ya zo ya share gaban ƙohwa, bai share gehen hagu ba. Wajen tara Bahillatar nan mai kawo maki nono ta buga sau biyu ta wuce. Daga nan har sha ɗaya ba kowa, sai akuyar can da tah hau dakali tak kwanta. Sha ɗaya daidai, lokacin da sunka ce sun zo, ita ɗai ag gaban shagonki, tana tuƙa."

Ba wanda ya yi dariya.

"Kuma na san zuwan hukuma," in ji Rabi'atu. "Da sunka zo ba ki lamba shekara biyu da sunka wuce, hwarar mota ta, da rubutu ga ƙohwa. Su ukku na, maza biyu da mace mai tabarau. Sun aiko maki takarda da hannu tun kwana huɗu kahin nan. Sun yi awa ɗaya da minti arba'in ciki. Kin saya masu lemo, macen ba ta sha nata ba."

Ummu Salma ta sauke wayar a hankali. Kallon da take yi wa Rabi'atu ba na godiya ba ne tukuna. Kallo ne na wanda ya daɗe yana wanka a bayan dangar da ya zaci ba ta da huda.

"Duk wanga kin riƙe, Yaya?"

"Na riƙe."

"To bayan sha ɗaya hwa? Ƙila sun yi kuskuren lokaci."

Ga wurin da Rabi'atu ta yi yini tana gudu. Tana iya cewa ba kowa, ba mai ƙaryata ta. Amma ta ga in ta bar rami ɗaya a cikin yinin nan, nan Ummu Salma za ta zuba kuɗinta. Ta koma shago ta ɗaga faranti, ta dawo da katin, ya sha mai har ya yi sheƙi.

"Sha ɗaya da rabi wagga mata taz zo daga Jega. Roba ɗari biyu taka so, duk wata. Nac ce mata kin daina saida ma 'yan gida." Ta ajiye katin a kan teburin Zuhura. "Don ta sayi nawa. Ba ta saya ba. Daga ita ba wanda yas sake zuwa har kunka dawo."

Zuhura ta sunkuyar da kai kan injinta kamar ita ta yi laifin. Can ta ɗago ta ce, "Hajiya, ai ni na gane yadda sunka sani. Duk Laraba kina sa hoto ga Fesbuk, ga mota, ga robobi, ki rubuta 'mun kama hanyar Segbana.' Sunan kamfani da lamba da imel duk suna jikin roba. Wanda ag Legas ma ya san shagonki na ruhe ran Laraba."

Kafin Ummu Salma ta amsa wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ce, "Darakta na." Ta danna yadda kowa zai ji.

Muryar mai sanyi ce, Hausarsa irin ta rediyo. "Hajiya, saura minti arba'in. Ina ta roƙar miki alfarma a nan, kada ki ba ni kunya. Kuma kamar yadda na faɗa miki, maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. Da mutanenku sunka zo jiya, wa sunka iske? Ba su tambayi maƙwabta ba?"

"Sun duba ko'ina, Hajiya. Ga rahoton a gabana. Babu kowa a layin, duk shagunan a rufe suke."

"Har na tsallaken titi?"

"Na ce miki babu kowa a wurin."

Rabi'atu ta ji maganar har cikin ƙashi. Ta san ƙarya yake yi, ƙaryar ma ita ce ta kama shi, amma duk da haka ta ji zafi. Yini guda tana zaune cikin rana!

Ummu Salma ta ce, "To bari in kira matar nan mai tabarau ta ohishinku, lambarta na ga takardata." Ba ta rufe baki ba layin ya mutu. Ta sake kira, aka ce wayar a kashe take.

Ta aiki Namadi ya ɗauko mata takardar hukumar da ke rataye a bangon shago cikin gilashi. Ta kira lambar da ke ƙasa. Ba a daɗe ana magana ba. Ba su aiko kowa ba, ba su ci tarar kowa ba, ba sa karɓar kuɗi ta asusun mutum, kuma ita ce ta biyar da ta kira a makon nan. Aka ce ta turo musu saƙon, kada ta danna komai a cikinsa.

Zuhura ta goge lambobin da ta sa, ta mayar da kuɗin cikin leda tana ta hamdala. Namadi ya ce, "Kai, Allah ya isa," ya maimaita har sau uku. Ummu Salma ta rungume ledar. Sannan ta sa yatsu biyu ta ɗauki katin matar Jega, ta goge shi da bakin gyale, ta jefa a jaka. Ta bi ta gefen Rabi'atu ta fita ba ta ce komai ba, ta tsallaka titi, wannan karon ta duba hagu da dama.

Rabi'atu ta koma bencinta. Rana ta narkar da curin da ke bakin faranti, ta ja shi ciki. Ta so a ce an zage ta, da ta san abin yi. Zuwa gobe duk layin zai ji, don Namadi ba ya riƙe magana, kuma ba labarin ɓarawon za a fi ji ba, labarin akuya da lemon da ba a sha ba za a yi ta yi.

Can ta buga langa-langar a hankali.

"Zuhura."

"Na'am, Yaya Rabi."

"Wanga saƙo, kowa suka aika mawa?"

"A'a. Sai sun duba sun ga inda za su samu."

Rabi'atu ta ciro wayarta daga ƙugu. Ta daɗe tana neman inda imel ɗin yake, don ta manta. Da ya buɗe saƙo ɗaya ne a ciki, na maraba, wanda ya shigo ranar da aka buɗe shi shekara uku da suka wuce. Ta ja allon ƙasa ko wani zai faɗo, ya yi ta juyawa ya tsaya. Ko ɓarayin ba su san da ita ba.

Bayan la'asar sakaliya Ummu Salma ta rufe shago. Maimakon ta shiga mota sai ta tsallako, ta tsaya a gaban bencin. Ta wanke fuska, gyalen ya koma daidai.

"Yaya Rabi."

"Na'am."

"Na kira matar Jega. Za ta zo ran Litinin. Jibi zan tahi Geza sayen ƙwara. Laraba kuma Segbana. Na bar sa hoto."

"Allah ya kai mu."

Ummu Salma ta buɗe jaka ta ciro makulli guda, ɗaure da jan zare, ta ajiye a kan faranti, tsakanin curi biyu. Ba fushi a muryarta, ba kuma dariya, abin da ya sa Rabi'atu ta kasa gane amana aka ba ta ko mari.

"Ki riƙa duba mani ƙohwa, Yaya."

"To," in ji Rabi'atu.

Ta ji takunta ya tsallaka, ta ji Namadi ya tayar da mota, ta ji ƙarar ta yi nisa. Ƙofar na nan inda take, daidai saitin bencin, ba mota ba mutum a tsakani. Rabi'atu ta zauna da makullin a gabanta har aka kira magariba, ta kasa ɗaga ido ta kalle ta.